Bazara a Filin Golf: Aikin da Ake Yi Kafin Ruwa Ya Sauka

 

Ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamaina da ke zaune a nan gaba, 'yan uwana malaman gona, da ku samarin da kuka yi sammako tun daga Gwaram da Sara da Basirka, ina yi muku barka da zuwa. Da aka sanar cewa zan yi magana a kan ciyawar filin golf, wani abokina ya tare ni a bakin kasuwa yana dariya, ya ce, "Malam, mu da muke kashe kuɗi mu kashe ciyawa, kai kuma za ka koya mana renonta?" Na ce masa ya zo ya saurara. Ga shi can baya, ya zo, na gode.

Golf shi ne wasan da wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Mutum yana dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda, yana bin ta har ya jefa ta a rami, rami goma sha takwas a cikakken fili. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Turawan mulki sun bar filaye a Kano da Kaduna da Zariya, na Rayfield da ke Jos kuma ana lissafa shi tun daga 1913. Mu ma a masarautarmu muna da namu. Marigayi Mai Martaba Sarkin Dutse, Dakta Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 har Allah ya karɓi ransa a Janairun 2023, shi ya kafa filin golf na Dutse, ya kuma cika shi da itatuwa. Allah ya jiƙansa da rahama. Daga nan inda muke zaune zuwa can ba a yi awa guda a mota. Ke nan maganar ba ta wata duniya ba ce, kuma filin da aka kafa dole a sami masu kula da shi.

Yawancin filin ba shi da wuyar sha'ani. Inda aikin yake shi ne ɗan dandalin da ke kewaye da kowane rami, wanda ma'aikata ke kira girin. Faɗinsa bai cika wuce murabba'in mita 500 ba, wato kamar madaidaicin tsakar gida da filin ƙofarsa. A cikinsa akwai rami mai faɗin milimita 108, awon da aka tsayar tun 1891 a St Andrews ta Sikotilan. A kan wannan dandali ba a ɗaga ƙwallo sama, gangara ta ake yi, saboda haka ko tsinken ashana ya tsaya mata a hanya sai ta kauce. Ana aske ciyawarsa har ta koma milimita uku ko huɗu. Ku dubi kaurin ƙwayar dawa, to kusan tsawon ke nan. A ce shuka ta rayu ana yi mata wannan aski kullum safiya, ana tattaka ta, rana tana dukanta, ai kun ga ba ƙaramin reno take buƙata ba. Ni a wurina girin gona ce, sai dai amfanin da ake girba a cikinta santsi ne.

Littattafan da aka koya mana wannan aiki da su duk a Ingila da Amurka aka rubuta su, kuma babin da ya fi kowane kauri a cikinsu shi ne na lokacin da sanyi ke wucewa, watan Maris da Afrilu. A can ƙanƙara ta narke, ƙasa tana jiƙe sharkaf, rana ta fara ɗumi, ciyawa tana farkawa da kanta. Sai littafi ya ce: a Maris ka huda ƙasa, ka zuba taki, ka rage tsawon aski. Wanda ya taɓa ganin gasar Masters da ake yi a Augusta kowane Afrilu a talabijin ya ga irin koren da ake nufi. To, mu menene Maris da Afrilu a wurinmu? Bazara ce. Wata biyar ko shida rabon ƙasa da ruwan sama, zafi ya haura digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, iska tana busawa kamar daga bakin tanda. Abin da littafi ya faɗa daidai ne, watan da ya ambata ne ba namu ba. Farkawar ciyawarmu tana tare da ruwan shuka, ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Duk wanda ya bi kalandar littafi ya bar ta manomi, zai kashe girin da hannunsa.

Ni na yi, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Ina saurayi, sabon fitowa daga makarantar aikin gona, aka ba ni kula da wani fili da ba zan ambaci sunansa ba. Aka ce manyan baƙi za su zo gasa nan da kwana goma, cikin Afrilu, a tabbata girin ɗin da ke gaban rumfar baƙi ya yi kore shar. Akwai wani dattijo a cikin leburori, ya fi shekara ashirin a wurin, muna ce masa Baba. Na sa aka kawo rabin buhun yuriya, na ce a watsa. Baba ya dubi buhun, ya dubi rana, ya ce, "Yallaɓai, da an bari sai la'asar sakaliya, kuma a rage." Na ce masa littafi ne ya faɗa. Bai ƙara ko kalma ba. Muka watsa da hantsi, muka je tayar da injin ruwa, inji ya ce bai san zance ba. Kafin a samo makaniki daga gari an yi magariba. Kwana biyu tsakani girin ya fito da zane-zane ruwan ƙasa, kowane zane daidai inda hannun mai watsawa ya bi, kamar an ɗora masa dutsen guga. Garin neman gira na rasa ido. Ranar gasa sai da muka matsar da ramin can gefe, inda takin bai kai ba.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Yuriya kashi 46 cikin ɗari na nauyinta sinadarin naitirojin ne, gishiri ce mai ƙarfi. Abin da girin ke iya ɗauka a lokaci guda bai wuce giram biyar a kowane murabba'in mita ba, wato kilo biyu da rabi ga dandalin gaba ɗaya, kusan tiya guda. Ni kuwa na ba shi kilo 25. Ana ba girin taki ne kamar yadda ake ba jinjiri kunu, cokali-cokali, duk bayan mako biyu ko uku, da yamma, a bi shi da ruwa nan take. A tsakiyar bazara kuwa, in ruwanka ba tabbatacce ba ne, gara ma ka bar buhun a ɗaure.

Bari mu koma kan ita ciyawar. Ba daga Turai aka kawo ta ba. Kiri-kiri ce, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo, wadda ke yaɗo a bakin fadama tana hana mai lambu sakat. Masana suna ce mata Cynodon dactylon, Amurkawa suna ce mata ciyawar Bamuda. A garin Tifton na jihar Jojiya, wani masani mai suna Glenn Burton ya yi mata aure da wata 'yar uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu, aka sami irin Tifgreen a 1956, da Tifway a 1960, da Tifdwarf a 1965. Waɗannan su suka cika filayen golf da na ƙwallon ƙafa a ƙasashe masu zafi. Ba sa yin 'ya'yan da za su tsira, sai dai a yanki jijiya a dasa, kamar yadda muke yi da dankali. Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne ku san halinta. Kiri-kiri tana son zafi, ba ta son inuwa, ba ta son sanyi. A darare masu tsananin hunturu, Disamba da Janairu, takan yi lamo ta daina girma. Da zafi ya shigo a ƙarshen Fabrairu sai ta so tashi, amma ba ruwa. Kuma tana da wata baiwa: in ta rasa ruwa ganyenta ya bushe, saiwarta da jijiyoyinta na ƙarƙashin ƙasa suna nan da rai, suna jira. Ciyawar da ta koma launin kara a Afrilu ba lallai ta mutu ba.

Wannan baiwa ita ce amsar tambayar da na san tana cin wasunku, kuma tambaya ce ta gaskiya: garin da mata da yara ke layi a bakin famfo, da wane ido za a zuba wa ciyawa ruwa? Mu yi lissafi a fili. A bazara, rana da iska suna ɗauke kusan milimita bakwai na ruwa daga jikin ciyawa kullum. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Girin goma sha takwas in aka haɗa su sun kusa hekta guda, ke nan lita dubu 70 a rana, jarka 2,800 ta 'yan garuwa. Wannan na girin kaɗai ne. In aka ce za a shayar da hanyoyin da ƙwallo ke bi tsakanin rami da rami, sai a ninka sau goma ko fiye. Mu kuwa nan kudancin Jigawa a kan dutse muke zaune. Duwatsun da suka ba Birnin Kudu suna, masu zanen mutanen da a Habude da Mesa, su ne kuma a ƙarƙashin ƙafarmu. Ruwanmu a tsagar dutse yake, shi ya sa za ka haƙa burtsatse nan ka samu, ka matsa taku ɗari ka tashi a tutar babu. Ba kamar ƙasar Haɗeja ba, inda ruwa ke kwance cikin yashi. Saboda haka ra'ayina, kuma ban ɓoye shi ga kowa ba: a ƙasarmu girin da wurin bugun farko kaɗai ya kamata a shayar a bazara. Sauran filin a bar shi ya yi barcinsa, damina za ta tashe shi. Ruwan kuma ya fito daga tafki ko dam ɗin da filin ya tara wa kansa da damina, kada a taɓa na shan jama'a.

Turawan farko ma sun san haka. A filayen Arewa da yawa ba su yi girin ba sam, sai suka yi abin da ake kira burawun: dandalin yashi da aka cakuɗa da baƙin mai, a daddaɓe, in ɗan wasa zai buga sai yaro ya ja buhu ko tabarma ya share masa hanya. Dabara ce ta rashin ruwa, ta kuma yi aiki shekara da shekaru. Amma baƙin mai guba ne ga ƙasa, yana kuma iya bin ruwa ya gangara. Ba na ba kowa shawarar ya koma can.

To me ake yi a bazara, tunda ba taki ba huda? Abin da manomi ke yi: sharar gona, kai taki bakin gona, gyaran garma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na farko shi ne ban ruwa, kuma a nan ne ake gane gwani. Kuskuren sabon hannu shi ne ya yayyafa kaɗan-kaɗan sau uku a rana. Saiwa malalaciya ce, in ta sami ruwa a sama ba za ta nutsa ba, ranar da inji ya lalace kuwa shi ke nan. Ana shayarwa ne da asuba, kafin iska ta tashi, a ba shi ya ƙoshi har ruwan ya kai tsawon tafin hannu a ƙasa, sannan a ƙyale shi ya nema. Baba ba ya yarda da ido. Kullum da wata tsohuwar wuƙa a aljihunsa. Sai ya durƙusa a gefen girin, ya yanko ƙasa kamar yankan alkaki, ya ɗaga ta sama. Ya nuna mini saiwa, farare sirara kamar zaren ɗinki, ya auna da yatsa. In sun kai tsawon ɗan ali ko sun fi, sai ya gyaɗa kai. Ya matse ƙasar a tafinsa ya ji danshinta, ya kai hanci ya sansana. In ta yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga. Sannan ya mayar da yankin mazauninsa, ya danna da diddige, ba mai cewa an taɓa wurin. Akwai kuma wata alama da ya koya mini: ka taka ciyawa da azahar ka waiwaya. In sawunka ya tashi nan da nan, lafiya. In ya zauna, launin kuma ya koma shuɗi-shuɗi kamar toka, tana jin ƙishirwa, sai a ɗan fesa mata ruwa da tiyo a wannan gurbin kawai.

Wani abin mamaki da bazara ke kawowa shi ne yashi ya ƙi ruwa. Za ka ga wani gurbi ya bushe alhali kullum ana shayar da shi. Ɗiga masa ruwa ka gani, sai ɗigon ya tsaya ƙuri kamar a kan ganyen gwaza. Wani maiƙo ne daga ruɓaɓɓiyar ciyawa ke lulluɓe ƙwayoyin yashin idan sun bushe ƙarau. Maganinsa a soke wurin da cokali mai yatsu na lambu, a shayar da hannu a hankali. Akwai magani na musamman da ake sayarwa mai sa ruwa ya ratsa. Kada wani ya ce zai yi dabara da omo, zai ƙona ganyen.

Na biyu shi ne aski. A bazara ba a rage tsawo, ƙarawa ake yi. Milimita ɗaya da za ka ƙara wa ganye ita ce inuwar saiwarsa. 'Yan wasa za su yi ƙorafi cewa ƙwallo ba ta gudu. Akwai ma wani ɗan ƙarfe mai kwari da suke auna gudun da shi, wanda wani Ba'amurke Edward Stimpson ya ƙirƙira a 1935: a gangaro ƙwallo daga kansa, a auna ƙafa nawa ta yi. Ku bar su su yi ƙorafinsu, a Yuli za su gode muku. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a aski guda. Injin girin kuma ba irin mai fanka ba ne da ke sara kamar adda. Nasa wuƙaƙe a naɗe suke kamar gammo, suna haɗuwa da wata wuƙa ta ƙasa suna yanka kamar almakashi, irin fasalin da Edwin Budding ya fito da shi a Ingila tun 1830. Kafin a fita da shi kowace safiya, a sa takarda tsakanin wuƙaƙen a juya da hannu. In ta yanke tsaf, bismillah. In ta tauna ta, haka zai tauna ciyawa, bakin ganye ya yi fari, cuta ta sami ƙofa. Yau a bi gabas da yamma, gobe kudu da arewa, don kada ciyawa ta kwanta gefe guda. Ramin ma a riƙa sauya masa wuri duk bayan 'yan kwanaki, saboda ƙafafu kada su cinye waje ɗaya.

Na uku, a tara yashi. Wannan shi ne takin da ake kaiwa bakin gona. Tun zamanin Tom Morris, wanda ya kula da filin St Andrews kusan shekara arba'in daga wajen 1864, aka gane cewa barbaɗa yashi shi ne sirrin girin. A 1960 hukumar golf ta Amurka ta fitar da tsarin gina shi: bututun magudana a ƙasa, tsakuwa santimita 10 a kai, sannan yashi mai ɗan taki santimita 30. Mu Allah ya hore mana yashi. Kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram yana barin sa tuli-tuli da rani, kuma yanzu ne lokacin ɗiba, kafin ruwa ya kawo. Amma ba kowane yashi ba. Ba laushin da ake shafe da shi ba, ba kuma mai tsakuwa ba, matsakaici ake so, a tankaɗe shi da rariya. Gwajinsa ba ya buƙatar ɗakin bincike. Cika kwalba rabi da yashin, ƙara ruwa, girgiza, ajiye. Yashi zai zauna nan take. In bayan awa guda ka ga laka ta kwanta a kansa da kauri, ruwan kuma ya ƙi washewa, mayar da shi, zai toshe maka girin. Kuma inda ka fara ɗiba, can za ka ci gaba da ɗiba kowace shekara. Yashi iri biyu in suka hau kan juna sukan yi shimfiɗa, ruwa ya tsaya a tsakani.

Akwai abin da littafin Bature bai san da shi ba, shi ne ƙurar hunturu. Wata uku tana sauka, lallausa kamar garin alkama. Manomi yana murna da ita don tana ƙara wa gona ƙarfi. A kan girin kuwa shiga take tsakanin ƙwayoyin yashi tana liƙe su. Ga kuma matacciyar ciyawa da kiri-kiri ke tarawa a ƙarƙashin ganyenta, har ta zama kamar katifa. Waɗannan biyun su ne dalilin babban aikin shekara, wato huda.

Huda sai ruwa ya zauna. Ba ruwan farko mai yaudara ba, wanda ke sa a yi shuka a dawo a sake. Ranar da kuka ga dattawan manoma sun fita shuka da zuciya ɗaya, ku ƙara mako guda ko biyu, ciyawa ta fara gudu, sannan ku shiga. Ana bin girin da ƙarfe mai rami a ciki, kaurin ɗan yatsa, a nutsa shi santimita bakwai zuwa goma, ya fito da ƙasa kamar kashin awaki. In ba inji, mutum shida da cokula masu yatsu suna gama girin guda a yini. A kwashe abin da ya fito, a karce katifar nan da manjagara mai kaifi, a zuba busasshen yashi, a ja shi da tabarma ko tsintsiyar kwakwa har ramukan su cika. Ranar girin zai yi muni, kowa ya gani sai ya ce an lalata shi. A ba shi ɗan taki, mako biyu ya rufe ruf. In aka yi wannan aiki a Maris, ramukan nan ƙofofi ne da rana za ta bi ta gasa saiwa. In aka bari sai Agusta, ƙasa ta yi taɓo, ƙarfen shafe bangon ramin zai yi maimakon ya buɗe shi. Tsakanin nan ne kawai, 'yan makonni.

Ruwan da ya tashi kiri-kiri kuwa shi ke tashin maƙiyanta. Tuji shi ne na gaba, kuma duk inda kuka gan shi ya yi yawa, ƙasar wurin ta daddaɓe, yana gaya muku inda za ku huda. Sai harƙiya, sai aya-aya wadda in ka cire ganye ka bar ƙwayar a ƙasa ka yi aikin banza, sai ƙarangiya da tsaida a gefe-gefe. A kan girin na fi yarda da wuƙa da yara masu haƙuri fiye da maganin feshi, domin yawancin abin da ake sayarwa a kasuwanninmu na kashe ciyawa ba ya tambayar sunan ciyawar. Noman firi ne, tun suna ƙanana. Gara kuma takan biyo ɗanyen taki, shi ya sa takin shanu ba ya hawa girin sai ya shekara ya ruɓe an tankaɗe. Tun 2016 mun sami ƙarin baƙuwa, tsutsar nan da ta addabi masara, ita ma tana son kiri-kiri. In kun ga tsuntsaye sun taru a kan girin da sassafe suna caccaka, ku durƙusa ku duba.

Sai itatuwa. Ina son bishiya, kuma abin da Marigayi Sarki ya yi na dashe abin koyi ne. Amma kiri-kiri tana son rana awa takwas, musamman ta safe. Darbejiya in tana gabas da girin, ta tare masa hantsi, saiwarta kuma ta bi ta ƙarƙashi tana shan ruwan da kuka sha wuya kuka kawo. Mai dashe ya sa ta yamma, da 'yar tazara. Wadda ta riga ta girma, a yi mata sassabe a bazara, a haƙa siririn rami tsakaninta da girin a datse saiwar.

Dabbobi kuwa, ku sa kanku a matsayin akuya. Duk ƙasar ta bushe, ga wani ɗan wuri kore yana sheƙi. Kofaton saniya ɗaya a jiƙaƙƙen girin aikin mako ne. Faɗa da makiyaya ba ya kai ko'ina. A Brora ta arewacin Sikotilan shanu da tumaki sun yi shekara da shekaru suna kiwo a cikin filin golf, girin kawai aka kewaye da waya. Mu ma a kewaye girin, a zauna da Arɗo a yi magana, gamba da kyasuwar da ke gefen fili a bar masu dabbobi su yanka da kaka. Wanda ke amfana da wuri shi ke tsare shi.

Samari, na san ba kowa cikinku zai sami aiki a filin golf ba, filayen ba su da yawa. Amma ku ƙirga filayen ƙwallon ƙafa da ke makarantun Birnin Kudu da Gwaram, da harabar asibitoci da ofisoshi da gidajen da ake ginawa a Dutse. Duk ciyawa ɗaya ce, aikin ma ɗaya ne, har ya fi sauƙi don ba a aske ta ƙasa sosai, santimita biyu da rabi zuwa uku ya isa. Wanda yake son gwadawa bana, ya fara yanzu. Ya sami ɗan fili taku goma-goma, ya kwashe duwatsu, ya baje shi da ɗan gangare don kada ruwa ya kwanta, ya tara yashinsa da ruɓaɓɓen takinsa a gefe. In ruwa ya zauna a Yuni, ya je bakin fadama ya yanko jijiyar kiri-kiri, ya zaɓi mai ƙananan ganye da gajerun gaɓoɓi, ya dasa layi-layi, tazarar taƙi guda, rabin jijiyar a ƙasa rabi a waje, ya bi da ƙafa ya danne. Ya hana awaki, ya cire tuji. Cikin wata biyu zuwa uku ba zai ga ƙasa ba.

Na zo da kwalabe biyu na yashi da wani yanki na ciyawa da na yanko jiya da yamma, suna nan kan tebur. Ranka ya daɗe, in an ba ni izini, bayan an yi tambayoyi sai samarin su matso su ga saiwar da idonsu, su girgiza kwalaben su faɗa mini wanne za su ɗauka. Abokina na bakin kasuwa shi zai fara.